Kwamfutar Tebur Ta Ƙi Tashi: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Kinkime Ta Zuwa Ikeja

Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ake ɗorawa a mota daga Agege, Idi-Araba, Obalende ko Alaba Rago a nufi Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, da su, wai sun mutu, lafiyarsu ƙalau. Wata fis ne ya ƙone a fulogi, wata danshi ne ya hau haƙoran ram (ɗan siririn bod ɗin da ke zaman ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta), wata batir ɗin da bai fi sulalla girma ba ne ya ƙare. Amma da yake mai ita bai duba ba, sai ya ɓata yini a cunkoso, ya biya kuɗin mota, a ƙarshe a sayar masa da madabod, wato babban bod ɗin da komai ke jone a kansa, alhali ba ya bukata.

Ƙa'idar aikin guda ce: ka fara daga bango ka shigo ciki, ka canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, kuma kada ka sayi komai sai ka tabbatar shi ne mai laifi. Wanda ya cire ram, ya sauya waya, ya taɓa batir duk a lokaci guda, ko da kwamfutar ta tashi bai san abin da ya gyara ba, gobe ta sake yi masa.

Kafin ka ɗauki sukundireba, tsaya ka kalli abin da take yi in an danna maɓalli, domin "ta ƙi tashi" iri-iri ce. Akwai wadda ko gezau ba ta yi, babu fitila, babu motsin fanka. Akwai wadda fanka za ta ɗan motsa ta tsaya, ko ta tashi daƙiƙa kaɗan ta mutu. Akwai wadda komai na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Sai wadda tambarin Dell ko HP ke fitowa amma Windows ta ƙi shigowa. Kowacce hanyarta daban.

Kayan aiki ba su da yawa: sukundireba mai bakin sita, maltimita (na'urar auna wuta), ƙaramin buroshi mai laushi, kilif na takarda, roba mai goge rubutun fensir, da sabon batir mai lamba CR2032. Duk lokacin da za ka sa hannu cikin akwatin, zare fulogi daga bango tukuna, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 20 don ragowar wutar ta tsiyaye, sannan ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa kowane bod. Abu ɗaya ne ba a buɗewa a gida: fawa-fak, wato akwatin ƙarfen nan da wayar wuta ke shiga. Manyan kafasitocin cikinsa, masu tara wuta, suna riƙe sama da bolt 300, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare fulogi.

Idan shiru ne tsit

Fara da soket. Jona fanka ko cajar waya ka gani, amma kada ka tsaya nan, domin caja tana aiki ko da wuta ta zo da rauni. Juya maltimita zuwa ma'aunin AC mafi girma ka auna. Wutar Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. In ka ga ta sauko ƙasa da 180, kamar yadda kan faru da yamma a unguwannin da taransifoma ya yi wa gidaje kaɗan, tsofaffin fawa-fak da dama ba za su tashi ba. A nan kwamfuta ba ta da laifi, sitabilaiza ake bukata.

Sai abubuwan da ke tsakanin bango da kwamfuta. Cire su duka, ka jona ta kai tsaye. Wayar ƙari ta araha takan narke ta ciki ba a gani. UPS kuwa, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, shi ne babban mai ruɗa mutane: batirinsa, wanda galibi mai bolt 12 ne da 7Ah, shekara biyu zuwa uku yake yi, a zafin shago ma ba ya kaiwa, kuma in ya mutu wasu UPS ɗin ba sa barin wuta ta wuce ko da ta NEPA tana nan. Haka kuma da yawansu ba sa karɓar wutar ƙaramin janareta, saboda bugunta ba ya tsayawa a 50 cikin daƙiƙa. Za ka ji yana ta ƙwas-ƙwas yana komawa kan batir har ya zuƙe shi.

Fulogi mai ƙafa uku yana da fis a ciki. Ɓalle shi ka auna, ko ka huta da wannan ka ari wayar monita, tunda bakinsu iri ɗaya ne a yawancin na'urori. In fis ne ya ƙone, sa sabo. Kada ka naɗe shi da zaren waya ko takardar sigari kamar yadda ake yi, fis ɗin nan shi ke mutuwa a madadin kayanka.

Yanzu leƙa bayan akwatin. Wasu fawa-fak suna da makunni mai alamar I da O, ya kasance a kan I. Wasu kuma, musamman tsofaffin tokumbo da aka shigo da su daga Amurka, suna da wani ɗan jan makunni mai rubutun 115 da 230. Wannan ɗan abin ya kashe kwamfutoci ba adadi. A Amurka wutar gida bolt 120 ce, don haka a kan 115 suke zuwa. In aka jona ta a wutarmu ba a mayar da shi 230 ba, za a ji fas, a ji ƙauri, shi ke nan fawa-fak ya tafi. Duk kwamfutar da ta fito daga kwantena, duba wannan kafin fulogi ya taɓa soket. Sababbi da yawa ba su da makunnin, suna karɓar 100 zuwa 240 da kansu, kuma an rubuta hakan a jikin takardar da ke manne da su.

In duk wannan lafiya, buɗe murfin gefe. Kafin ka taɓa komai, sa hanci ka sunsuna, ka haska tocila. Ƙaurin roba, baƙin tabo a kan bod, gawar kyankyaso a ragar fawa-fak, waya da ɓera ya ci, duk suna ba da labari. Kyankyasai suna son ɗumin fawa-fak, kuma guda ɗaya ya isa ya haɗa wuta.

Mayar da fulogi ka duba ko akwai ƙaramar fitila da ke kamawa a kan madabod. Ba kowane bod ke da ita ba, amma in tana nan kuma ta kama, wutar jiran-aiki, wato 'yar wutar da fawa-fak ke bayarwa ko kwamfuta na kashe, tana isowa. Daga nan sai a zargi maɓallin kunnawa shi kansa. Bi siririyar wayarsa zuwa inda ta zauna a gefen bod, wurin da aka rubuta PWR SW ko PW. Zare ta, ka taɓa fil biyun da ta zauna a kansu tare da bakin sukundireba na daƙiƙa ɗaya. In kwamfuta ta tashi, maɓalli ne ya lalace. Mafita ta wucin gadi: ɗauki wayar maɓallin RESET ka sa a gurbin, ka riƙa kunnawa da shi.

Gwajin fawa-fak

Nan ne ya kamata a daɗe, domin a Legas fawa-fak ne ke shan dukan duk wani hawa da saukar wuta, da sauyi daga NEPA zuwa janareta, da tsawar damina.

Zare fulogi. Cire duk wayoyin fawa-fak daga madabod da had-disk da katin hoto (bod ɗin da ke tura hoto zuwa monita, in akwai shi). Ɗauki babban kan wayar fawa-fak mai ramuka 24. A cikin wayoyinsa akwai koriya guda ɗaya tak. Miƙar da kilif na takarda ka lanƙwasa shi, ka cusa baki ɗaya a ramin koriyar, ɗayan a ramin kowace baƙar waya da ke gefenta. Sai ka jona wuta. Koriyar ita ce madabod ke haɗawa da baƙar in yana son fawa-fak ya tashi, kilif ɗin aikin madabod yake yi. In fanka ta juya, fawa-fak yana da rai.

Yana da rai ba ya nufin yana da lafiya. Mayar da maltimita kan DC 20, sa baƙin tsinke a ramin baƙar waya, ka bi sauran da jan tsinke. Rawaya ta ba da 12, kuma abin da aka yarda da shi daga 11.4 zuwa 12.6 ne. Ja ta ba da 5, tsakanin 4.75 da 5.25. Mai ruwan lemo 3.3, tsakanin 3.14 da 3.47. Mai ruwan shuɗi-ja, wadda ake kira ta jiran-aiki, ta ba da 5 ko da ba a sa kilif ba, muddin fulogi na jone. In wannan ta ɓace, maɓallin kunnawa ba zai taɓa amsawa ba. Akwai kuma mai ruwan toka, wadda ke gaya wa madabod cewa wuta ta daidaita, ita ma kusan 5 take nunawa. Duk wadda ta fita daga iyakarta, ko lambar ta riƙa rawa, fawa-fak ya gaji. Yana da kyau a bar tsohon had-disk ko fanka ɗaya a jone lokacin aunawa, saboda wasu ba sa nuna gaskiyarsu sai da ɗan kaya a kansu. Kuma ko ya ci wannan gwajin, yana iya durƙushewa in aka ɗora masa farosesa, mai yi wa kwamfuta lissafi, da katin hoto. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a ari wani mai lafiya a jona.

Hattara biyu. Na farko, fawa-fak na zamani da yawa wayoyinsu duk baƙaƙe ne. A irin wannan, fil na 16 da na 17 ake haɗawa, amma kada ka ƙirga da ka, nemi zanen kan tukuna. Wasu ma fankarsu ba ta juyawa sai sun ɗauki zafi, don haka mita za ka bi, ba ido ba. Na biyu, kuma shi ya fi shafar masu shagunan buga takardu da ofisoshin canji: kwamfutocin ofis na Dell OptiPlex, HP da Lenovo ThinkCentre na shekarun baya-bayan nan ba sa amfani da kan 24 ɗin. Dell na da mai 8 da mai 6, HP na da mai 6 da mai 4, Lenovo na da mai 14 da mai 10, kuma jerin wayoyinsu nasu ne na kansu. Kada ka yi musu gwajin kilif da kintace. OptiPlex da yawa suna da ɗan maɓalli da fitila a bayan fawa-fak: danna shi, in fitilar ta kama kore kuma fanka ta juya, lafiya lau. In ba ta kama ba, cire wayoyinsa daga bod ka sake dannawa. Ta kama yanzu? To matsalar tana cikin abin da ka cire, ba a fawa-fak ba.

Idan ta motsa ta tsaya

Fanka ta yi rabin juyi ta tsaya cak. Wannan yawanci fawa-fak ne ke kare kansa, ya ji wani wuri wuta ta haɗu. Aikinka ka gano wurin. Cire had-disk, gwada. Cire na'urar faifai, gwada. Cire katin hoto, cire wayoyin USB na gaba, cire duk abin da ke jone ta baya, kana gwadawa bayan kowanne. Ka haska cikin ramukan USB ɗin da kyau. Wanda aka tura wa filash da ƙarfi har harshensa ya karye, ƙarafunan ciki suka taɓa juna, ya isa ya hana kwamfuta gaba ɗaya tashi. A shagon da kwastomomi ke cusa filash yini guda, wannan ba baƙon abu ba ne. Raba ƙarafunan da tsinken sakace, wuta a kashe, ka toshe ramin kada a sake amfani da shi.

Akwai gwajin da masu gyara ke yi a nan. Kusa da farosesa akwai wani kai mai ramuka 4 ko 8, wayoyinsa rawaya da baƙi, shi ke ciyar da farosesa. Zare shi ka kunna. In yanzu fankoki sun ci gaba da juyawa ba tsayawa, alhali da shi a jone suna tsayawa, to ɗaya daga cikin ƙananan taransistocin da ke kewaye da farosesa ya ƙone ya haɗe. Wannan aikin mai dalma ne, ko kuma sauyin bod.

Duba kafasitocin bod, waɗannan masu kama da ƙananan gwangwanaye. Samansu a shafe ya kamata ya kasance. Wadda ta kumbura, ko ta fitar da wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kanta, ta mutu. A tsofaffin bod ana sauya su, a sa mai lamba ɗaya, kuma a kula da ɓangaren da aka ja wa layi, domin in aka juya ta fashewa take yi.

In kuma kwamfutar haɗi ce, wato wadda aka sayi kayanta daban-daban aka harhaɗa, ko kwanan nan aka sauya mata akwati, duba ƙarƙashin bod. Noti ɗaya da ya faɗa, ko ƙafar tagulla da aka ɗaura a inda bod ba shi da rami, zai taɓa bayan bod ya haɗa wuta. Ciro bod ɗin ka ɗora a kan kwali, ka jona fawa-fak, farosesa da fankarta, ram ɗaya da monita kawai. In ta tashi a kan kwali ta ƙi a akwati, ka san inda za ka nema.

Wadda ke tashi ta yi daƙiƙa 10 ko minti ɗaya ta mutu kuwa, zafi ake fara zargi. Duba ko fankar farosesa na juyawa, kuma wayarta na kan fil ɗin da aka rubuta CPU FAN. Girgiza ƙarfen sanyayawa da ke zaune a kan farosesa a hankali. Na Intel ƙafafun roba huɗu ke riƙe shi, ɗaya ta ɓalle ya daga ke nan. Cire shi, goge tsohon man ɗauke zafi da ya bushe tsakaninsa da farosesa da tsumma da barasar goge lantarki mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, ka ɗiga sabo a tsakiya gwargwadon ƙwayar wake, ka mayar ka danne kusurwa da kusurwa. Man goge baki ko girisin mota ba sa maye gurbinsa. Ga mai farosesar AMD ta soket AM4, murɗa ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga, in ba haka ba zai fizgo farosesar ya lanƙwasa mata ƙafafu. A Intel ƙafafun suna cikin soket ɗin bod ne, sirara ƙwarai, don haka in babu dalili kada ka ciro farosesa sam.

Fanka na juyawa, allo baƙi

Kafin a zargi kwamfuta, a wanke monita. Fitilarta na kamawa? Tana rubuta No Signal? In tana rubutawa, ita lafiyarta lau, saƙo ne bai iso ba. Danna maɓallin zaɓen mashiga ka tabbatar tana kan HDMI ko VGA ɗin da ka jona. Duba fil 15 na kan VGA ko wani ya kwanta. In kwamfutar na da katin hoto daban, wayar monita a jikin katin ake sa ta, can ƙasa, ba a ramin madabod na sama ba. Mai shara ya zare ya mayar a ramin da ba shi ba, an wayi gari ana cewa kwamfuta ta mutu. Su kuma OptiPlex da yawa DisplayPort gare su ba HDMI ba, ana bi ta ƙaramin mahaɗi, kuma mahaɗan nan na araha suna mutuwa ba sallama. Wata dabara: danna Caps Lock a kibod. In fitilarsa na kamawa tana mutuwa, kwamfutar ta tashi, hoton ne kawai bai fito ba.

In ba haka ba, sai ram. A garin nan ram ne kan gaba a wannan matsalar, kuma dalilin iska ce. Legas a bakin teku take, danshi ba ya rabuwa da ita, a damina abin ya fi tsanani, a ɓangaren Lekki, Ajah da tsibiri kuma iskar har da gishiri. Kwamfutar da aka rufe a shago aka tafi gida hutun Sallah mako biyu ko uku, ƙura ta sha danshi ta kwanta a kan haƙoran ram, sai a dawo ta ƙi tashi. Buɗe maƙallan gefe, zaro ram ɗin ka riƙe shi ta gefuna. Goge haƙoran zinaren gaba da baya da robar goge fensir har su yi ƙyalli, ka kakkaɓe ɓurɓushin da buroshi, ka share ramin shi ma. Kada ka hura da baki, tururin numfashi danshi ne. Mayar da guda ɗaya kawai, ka daidaita tsagar da ke tsakiyarsa da tudun cikin ramin, ka danna gefe biyu har ka ji ƙas. Yawancin masu koyo tsoron dannawa suke yi, su bar shi rabi a zaune. Kunna. Bai yi ba, mayar da shi rami na gaba. Bai yi ba, ɗauko ɗayan. Da haka za ka gane ko ram ne ya mutu ko rami ne. A bod mai ramuka huɗu, in ram biyu gare ka, galibi na biyu da na huɗu daga farosesa ake sawa.

Ram iri-iri ne: DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. In ya ƙi shiga, ba ƙarfi ya rage ba, ba nasa ba ne. Mai sabuwar kwamfuta ta DDR5 kuma ya yi haƙuri: bayan an taɓa ram takan yi minti biyu ko fiye allo baƙi tana daidaita kanta kafin ta nuna komai.

Saurari kukanta, ka kalli fitilunta. Ƙara ɗaya gajere a yawancin bod na nufin komai daidai. Cire ram gaba ɗaya ka kunna: in ta yi ta kuka, alama ce mai kyau, bod da farosesa suna raye har sun lura babu ram. In ta yi gum alhali tana da ƙaramar lasifika, zargi ya koma kan bod, farosesa ko fawa-fak. A tsofaffin HP na ofis irin su Compaq Elite 8200 da 8300, jar fitila da ƙara suna ƙirge: 2 zafin farosesa, 4 matsalar wuta, 5 ram, 6 ɓangaren hoto. Dell kan yi amfani da ƙiftawar fitilar maɓalli mai ruwan lemo, kuma ma'anar ƙirgen ta bambanta daga samfuri zuwa samfuri, sai ka nemi littafin naka da lambarsa. Bod na haɗi na zamani suna da fitilu huɗu a jere, CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne, nan aka maƙale.

Daga nan sai batir. Farin batir ɗin nan mai faɗin sulalla a kan bod shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta kafin Windows. Sabo bolt 3 ne da ɗan ɗoriya. In ya sauka ƙasa da 2.8, sauya shi. Alamarsa ta farko ita ce kwanan wata ya riƙa komawa baya duk safiya, ko a ga rubutun CMOS checksum error, amma wasu injinan in ya mutu murus ƙin nuna hoto suke yi gaba ɗaya. Ko batirin na da kyau, ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki na iya hargitsa saitin. Zare fulogi, ciro batir, danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, ka jira minti 5, ka mayar da shi alamar + tana sama.

Katin hoto shi ma a ciro a goge haƙoransa, a tabbatar wayar wutarsa mai 6 ko 8 ta zauna. Za ka iya cire shi ka jona monita a madabod don gwaji, sai dai in farosesarka ba ta da nata ɓangaren hoto. Na Intel masu harafin F a ƙarshen lamba ba su da shi, haka Ryzen da yawa na AM4 waɗanda ba su da G. A kansu ramin madabod ba zai nuna komai ba ko da komai lafiya.

Wadda ruwa ya shiga, ambaliya ko yoyon rufi, dokarta daban: kada a kunna don a gani. Kunnawar ce ke kashe ta. A ciro batir, a warware komai, a wanke bod da barasar goge lantarki da buroshi, a bar shi kwana biyu zuwa uku a gaban fanka. Fawa-fak da ya sha ruwa a jefar.

Tambari ya fito, Windows ta ƙi

Wannan ya fi sauƙi, domin bod, farosesa da ram sun riga sun amsa. In ka ga No bootable device ko makamancinsa, zare duk filash da ke jone ka sake kunnawa. Sannan shiga BIOS ta hanyar danna maɓalli tana cikin tashi: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo, Delete a yawancin bod na haɗi. Duba ko sunan disk ɗinka ya bayyana. Bai bayyana ba, kashe ka sake zaunar da wayoyinsa biyu, ta bayanai da ta wuta, ko ka sauya wayar SATA da raminta. In had-disk na yin ƙwas-ƙwas a jere, kashe nan take. Kowace kunnawa tana ƙara goge abin da ke ciki, kuma in bayanan na da muhimmanci, aikin masu ceto bayanai ne.

Ga tarkon da ke kama wanda ya sauya batir: saitin BIOS ya koma na kamfani. In an ɗora Windows saitin disk yana kan AHCI kuma injin ya koma RAID, ko an ɗora ta saitin tashi yana kan Legacy ya koma UEFI, za ta ƙi shiga, wani lokaci da shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Disk ɗin ƙalau yake. Mayar da saitin yadda yake a da, ka gyara kwanan wata, ka adana. Mutane da yawa a nan ake ce musu sai an yi fomatin, su rasa takardun shekaru a banza. Shi ya sa in kwamfutarka na aiki yau, ka shiga BIOS ka ɗauki hoton shafukan da waya. In kuma ta nemi mabuɗin BitLocker, makullin da Windows ke sa wa disk, mai lambobi 48, yana cikin asusun Microsoft ɗin da aka shiga da shi, ko wurin mai kula da kwamfutocin ofis.

In disk ya bayyana, saiti daidai, amma Windows na juyawa ba ta ƙarewa, katse ta da maɓalli sau biyu zuwa uku tana cikin tashi, za ta buɗe shafin gyaran kanta. Daga nan gwada Startup Repair, ko Safe Mode, ko ka cire sabuntawar ƙarshe. Dell na da gwajin kayan ciki a jerin da ke fitowa in an danna F12 tana cikin tashi, HP a F2, suna duba ram da disk su ba ka lambar matsala.

In tafiya Ikeja ta zama dole

Yanzu ka san abin da za ka saya, to ɓangaren kawai za ka ɗauka, ba sai ka kinkimi akwati ba. Ɗauki tsohon fawa-fak ɗin a jaka, ko aƙalla hoton takardar jikinsa mai lambar samfuri da yawan wat, da hoton kan wayarsa. Ga ƙananan akwatunan Dell da HP, siffa da kai dole su zo ɗaya, babu "zai yi maneji". Na kusa da Ojo zai samu irin kayan a Alaba International. Ka wuce masu tare mutane a bakin hanya suna "Alhaji, me kake nema?", ka shiga shago mai lamba da rasit. A jona kayan a gabanka, a auna rawayar waya ka gani da idonka, a rubuta maka kwanakin garanti a rasit. Ɗaga fawa-fak ka ji nauyinsa: wanda aka rubuta wa wat 500 amma ba shi da nauyi a hannu, rubutun ne kawai. Tokumbo na asali ya fi irin wannan sabon.

In kuwa injin ɗin gaba ɗaya za ka bar wa injiniya, ciro disk ɗinka ka tafi da shi gida in matsalar ba tasa ba ce, ka ɗauki hoton ram da lambobinsa a gaban mai shagon, ku yi ciniki kafin ya kwance noti. Kuma ka yi lissafi: in bod ne ya mutu a injin zamanin Core 2 Duo mai DDR2, kuɗin bod da na aiki gara a tara su a kan wani injin. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma a hukumance Windows 11 tana neman farosesar Intel zubi na 8 zuwa sama.

Bayan ka sa sabon kayan, kada ka rufe murfi nan da nan. Bar ta a buɗe ta yi aikin sa'a guda, ka ga fankoki duka na juyawa, ka kashe ka kunna sau uku. Sannan ka ɗaga akwatin daga kan siminti zuwa kan tebur ko katako, ka bar tazarar tafin hannu tsakanin bayansa da bango. In akwatin na ɗan jan hannu in an taɓa, wayar ƙasa ta ginin ce babu, mai gyaran wuta za ka kira. Duk lokacin da za a juya daga NEPA zuwa janareta, a kashe kwamfuta tukuna, a bar janareta ya daidaita minti ɗaya ko biyu kafin a jona ta, kuma kada ta zauna layi ɗaya da firiza ko dutsen guga.